Farautar Barewa da Gada a Ƙasar Daura: Kayan Aiki, Ɗabi'u da Zumuncin Dawa

Gabatarwa

Kwanakin baya wani malamin firamare ya kawo mini littafin Turanci da yake koyarwa da shi, ya nuna mini hoton wata dabba mai ƙaho rassa-rassa kamar busasshen itace. Ya ce ya gaya wa ɗalibansa barewa ce, sai wani yaro ya tambaye shi ko ya taɓa ganinta a dajin Daura, shi kuwa ya rasa amsa. Na ce masa dabbar da ke cikin hoton ta ƙasashen Turai da Asiya da Amurka ce. Ƙahonta ƙashi ne zalla, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro. Barewarmu kuwa ƙahonta ba ya rassa, ba ya kuma faɗuwa har ta mutu. Abin da ya fi damuna shi ne malamin, haifaffen ƙasar nan, bai taɓa ganin tamu barewar ba balle yaron.

Wannan ne dalilin rubuta wannan maƙala. Zan yi bayanin dabbobin da ake farauta, da kayan aikin, da ƙa'idojin da mafarauta ke bi a tsakaninsu, bisa abin da na gani ina yaro tare da kawuna, wanda maharbi ne, da abin da na ji daga bakin dattawa a shekarun da na yi ina aikin gwamnati.

Ƙasar da Dabbobinta

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen Damagaram. Ƙasa ce mai jigawa, itatuwanta su ne gawo da aduwa da magarya da kuka, ga kuma sabara da kalgo da geza a saurukan da aka bari. Irin wannan wuri shi barewa take so, domin tana cin sabuwar ciyawa da damina, da rani kuma ta koma ga ganye da 'ya'yan gawo da na aduwa.

Barewarmu jan goshi gare ta, da siririn baƙin zane a haƙarƙari. Namiji da mace duk suna da ƙaho, nauyinta kuma yakan kai kilo 25 zuwa 30. Takan yi kiwo da sassafe da kuma la'asar sakaliya, ta kwanta a inuwa idan rana ta take. Cikinta wajen wata 6 ne, ɗa guda take haifa, ta ɓoye shi cikin ciyawa tana zuwa tana shayar da shi. Gada kuwa ta fi barewa ƙanƙanta, ita kaɗai take yawo, kuma dabararta ita ce lafewa cikin sarƙaƙiya har sai an kusa taka ta, sannan ta zabura. Dattawa sukan ba da labarin gwanki da batsiya, amma ni ban riske su a dajinmu ba.

Harbi da Farauta

Ya kamata malamai su bambanta wa yara harbi da farauta. Harbi sana'a ce ta gado. Maharbi yakan shiga dawa shi kaɗai ko da ɗansa, ya bi sawu, ya yi sanɗa, ya harba. Shugabansu shi ne Sarkin Baka. Farauta kuwa ta taron jama'a ce, manoma da samari da 'yan tauri da karnukansu, ana yin ta bayan an kawar da amfanin gona, daga hunturu zuwa bazara. Da zarar ruwa ya sauka an ajiye ta ke nan, kowa ya koma gona.

Kayan Aiki

Babban makamin maharbi shi ne baka. Tsirkiyarsa fata ce murɗaɗɗiya. Kibiya kuwa jikinta kyauro ne, kanta ƙarfe mai kunnuwa wanda maƙeri ke ƙerawa, ba a sa mata gashin tsuntsu kamar ta Turawa. Saboda haka ba ta tafiya nesa, dole maharbi ya matso kusa. Ana zuba kibau a cikin kwari, a rataya a kafaɗa. Ƙarfin kibiyar yana ga dafin da aka shafa mata, wanda tushensa 'ya'yan ƙwanƙwani ne. Wannan dafi zuciya yake tsayarwa, shi ya sa tun ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suka riƙa tace sinadarin irin wannan tsiro suna maganin ciwon zuciya da shi. Idan dabba ta faɗi, akan yanke naman da ke kewaye da bakin raunin a binne.

Sai burtu. Shi kan tsuntsun nan ne da ake sassaƙawa da itace, a lulluɓe da fata, maharbi ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar mai tsintar fara. Barewa ta saba ganin burtu yana kiwo kusa da ita, don haka ba ta gudu. Na ga kawuna ya shafe fiye da sa'a guda a duƙe kafin ya ci tazarar da ba ta fi filin ƙwallo ba.

Ɗan farauta shi kuma kayansa su ne kere, wato guntuwar sanda mai lanƙwasasshen kai da ake jifa da ita, da gora da gitta da barandami da wuƙa. Yakan ɗaura warki, ya rataya burgami, a ciki akwai ƙyastu da gumba ko ƙuli-ƙuli na guzuri, ga goran ruwa a gefe. Uwa-uba kare, wanda akan yi renonsa tun yana ɗan kwikwiyo, a raɗa masa suna, a koya masa ya kama ba tare da ya ci ba. Akwai kuma layu da guru da kambu da ake ɗinkawa a jikin riga, bisa imanin masu su cewa suna tsare su daga ƙarfe da miyagun dawa. Daga baya bindigar harba-ka-ruga, wadda ake ɗurawa da albarushi ta baki, ta yawaita har ta kusa kore baka.

Ɗabi'un Maharbi

Abu na farko da kawuna ya koya mini shi ne iska. Kafin mu shiga saura sai ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, ya ga inda ƙura ta nufa, sannan mu zagaya yadda iska za ta riƙa bugun fuskarmu. Na biyu shi ne sawu. Yakan duba gefen kofato, idan yashi bai zubo ciki ba, ya san ba ta daɗe da wucewa ba. Na uku shi ne shiru. A dawa ba a kiran suna da ƙarfi, sai fito ko alama da hannu.

Akwai kuma abin da addini ya shimfiɗa, wanda malamanmu ke karantarwa cikin Risala: a ambaci sunan Allah yayin sakin kibiya ko kare, idan an tarar da dabba da sauran rai a yanka ta, kuma farauta don wasa kawai makaruhi ce.

Wata rana da bazara muka yi sanɗar wata barewa har kawuna ya ja tsirkiya, sai na ga ya sassauta. Raina ya ɓaci, domin tun asuba muke tafe. Na ce, "Kawu, ai ta tsaya." Ya ce, "Ɗana, dubi cikinta. In na harbe ta na kashe biyu, baɗi kuma me za ka zo nema?" Ranar da zomo ɗaya muka koma gida.

Zumuncin Dawa

Ranar farauta akan yi shelarta a kasuwa, bayan an sanar da mai gari. Garuruwa biyu ko uku su haɗu a gindin wata kuka, makaɗa suna kiɗa, samari suna kirari. Kafin a tashi sai babba ya ja kunne: wanda ke da jiƙaƙƙa da wani ya bar ta a gida. Daga nan a ja sahu, a yi wa daji ƙawanya. Ba a jifa ta wajen da mutum yake. Ba a shan ruwa a hana na kusa. Idan wani ya ji ciwo ko ya ɓata, an fasa farauta har sai an gan shi. Da yamma kuma ba a watsewa sai an ƙirga mutane da karnuka.

Ba zan ɓoye ba, akwai ƙwace a farauta, inda mai ƙarfi ke fizge naman mai rauni, kuma an sha zubar da jini a kan haka. A 1971, ina ɗan shekara 11, na ga irin wannan. Wani saurayi na ƙauyenmu ya jefi barewa da kere ya karya mata ƙafa, ta ja jiki ta faɗa hannun karnukan mutanen wani ƙauye. Nan take aka zare wuƙaƙe. Sarkin Baka, tsoho ne tukuf, ya zo ya zauna a ƙasa tsakanin ɓangarorin biyu, ya ce a miƙo masa dabbar. Ya shafa ƙafar, ya nuna wa kowa karayar, ya tambayi mai karen, "Da ƙafa huɗu karenka zai cim mata?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baba." Sai ya yanke hukunci: nama na wanda ya fara rauni ne, mai kare yana da ƙafar gaba, wanda ya yanka yana da wuya. Saurayin namu da kansa ya ƙara wa mai karen hanta. Bayan shekara biyu mai karen ya ba shi auren ƙanwarsa.

Haka kuma nama ba ya shiga gida a ɓoye. Akan fitar da na mai gari, da na maƙerin da ya ƙera kibiya, da na tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da na yaron da ya ɗauko kaya. Da dare a taru a ƙofar gidan Sarkin Baka, mai komo yana kaɗawa, ana ba da labarin yini, ana yi wa wanda ya yi kuskure ba'a.

Abin da Ya Canza

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa. Jama'a ta ƙaru, saurukan da ake bari su huta duk sun zama gonaki, aka sare geza da sabara don itacen girki. Bindiga da fitilar goshi da mota kuma suka sa mutum ɗaya ya kashe a dare guda abin da gari ke samu a wata. Dokoki dai an yi su: ta kare namun daji ta 1916 a zamanin Turawa, da ta Jihar Arewa ta 1963 wadda ta hana kashe wasu dabbobi ta kuma sa lasisi a kan wasu, da dokar bindigogi ta 1959. Amma doka ba ta mayar da dajin da aka nome. A yau barewa mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da masana na duniya ke fargabar ƙarewarsu.

Da dajin gida ya ƙare, sai mafarautan Arewa suka riƙa tafiya nesa. Dajin Rugu da ke yammacin Jihar Katsina ya zama mafakar 'yan bindiga, wasu suka nausa Kudu, inda ba a san su ba, ba a kuma san kayansu ba. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano yin salla, bayan an ga bindigoginsu an ɗauke su masu satar mutane.

Kammalawa

Baka da kwari da burtu ana iya rataye su a gidan adana kayan tarihi su shekara ɗari. Hukuncin da Sarkin Baka ya yanke a zaune a ƙasa, da dalilin da ya sa kawuna ya sassauta tsirkiya, waɗannan a bakin dattawa kawai suke, su kuwa kullum raguwa suke yi. Shawarata ga malamai ita ce kowace makaranta ta nemi tsohon maharbin da ke kusa da ita, ta gayyace shi da kayansa, a sa ɗalibai su rubuta sunan kowane abu da amfaninsa, da sunayen dazuzzukan da suka zama gonaki, da yadda ake rabon nama a garinsu, domin ƙa'idar takan bambanta daga gari zuwa gari. A ajiye kwafi a makaranta, a aika wani ga Hukumar Tarihi da Al'adu. Dattawa kuma ina roƙon su da su saki baki, su gaya wa jikokinsu abin da suka sani tun suna da rai. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya.