Fanka a Shagon Gyara: Yadda Za Ka Kauce wa Gobara da Shaƙar Guba

Duk wanda ya ratsa Kura, Kadawa ko Bunkure lokacin noman rani zai ga shagunan gyara maƙil da injinan ban-ruwa, injin feshi mai caji da batura. Ruwan Dam ɗin Tiga ya sa aiki ba ya yankewa, kuma da zarar zafin Afrilu ya kai digiri 40, hannun kowa kan tafi wajen kunna fanka. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, fanka ba ta tace iska, juya ta kawai take yi. In akwai guba a shagon, ita za ta raba wa kowa.

Ta ina wuta ke tashi?

Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasa, daidai inda ake ajiye fanka da soket. Makunnin fanka da filogin da bai zauna ba suna yin tartsatsi, haka ma motar wasu fankoki masu caji ko na sola. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Batirin mota ko na sola mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin yayin caji, kabaid ɗin masu walda kuma yana fitar da gas da zarar ya taɓa ruwa. Dukansu suna kama wuta nan take. In ka ji warin fetur ko gas, kada ka kunna komai, kada ka kashe komai. Buɗe ƙofa da taga tukuna.

Injin feshi

Manomi zai kawo injin ya ce babu komai a ciki, alhali akwai ragowar magani a tanki da tiyo. Maganin ciyawa irin su paraquat ba shi da makari, magungunan ƙwari da dama kuma suna shiga jiki ta fata da numfashi. A wanke injin sau uku a waje, nesa da magudanar ban-ruwa, da safar roba a hannu. Kada ka gwada feshi a gaban fanka, kada kuma ka hura bakin injin da bakinka.

Inda ya kamata fanka ta tsaya

Ajiye ta yadda iska za ta fito daga bayanka, ta bi ta kan aikin, ta fice ta ƙofa ko taga. Ɗora ta a kan busasshen benci, nesa da jarkar fetur da gwangwanin fenti. A mayar da ragarta in an cire, a sauya wayar da aka ɗaure da leda. Janareta kuwa waje ne wurinsa, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari, fanka kuma ba ta maganinta.

Idan abu ya faru

Jiri, amai, dalalar miyau ko gumi mai yawa alamu ne na guba. A fitar da mutum waje, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. Ɗauki hoton takardar jikin kwalbar da wayarka, ka nuna wa likita a asibiti mafi kusa. Lambar gaggawa ita ce 112. Ajiye ta a wayarka tun yau.