Zobban Naitirojin a Cikin Sinadarin Gado: Sigarsu da Aikinsu

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ke ɗauke da wannan gado daga iyaye zuwa 'ya'ya shi ne sinadarin DNA, wanda Friedrich Miescher ya fara warewa a Jamus a shekarar 1869. Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace yadda sigar wasu ƙananan zobba da ke cikinsa take tsare saƙon gado daga gurɓacewa.

2.0 Ire-iren Zobban

An rubuta saƙon gado ne da haruffa huɗu na sinadari, wato adenin da guwanin da saitosin da taimin. Kowanensu ƙwayoyin zarra ne na kabon da naitirojin da suka sarƙu da juna a kewaye, tamkar zobe. Masana sun kasa su gida biyu. Saitosin da taimin 'yan gidan firimidin ne, mai zobe ɗaya na ƙwayoyin zarra 6: kabon 4, naitirojin 2. Adenin da guwanin kuwa 'yan gidan furin ne, mai zobba biyu a manne, masu ƙwayoyin zarra 9: kabon 5, naitirojin 4. Kafin, sinadarin da ke hana mai cin goro barci, shi ma ɗan wannan gida ne.

3.0 Yadda Suke Haɗuwa

A shekarar 1950 Erwin Chargaff ya nuna cewa yawan adenin a cikin DNA daidai yake da na taimin, haka kuma guwanin da saitosin. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana dalili a 1953, tare da dogaro da binciken Rosalind Franklin. DNA igiya ce mai tufka biyu, kuma a kowane mataki furin ne ke fuskantar firimidin, dogo da gajere, don haka faɗin igiyar bai sauyawa. Adenin na riƙe taimin da ɗaurin haidirojin 2, guwanin na riƙe saitosin da 3. Saboda haka idan tufkar ta warware, kowane zare kan zama abin kwaikwayon ƙera abokinsa.

4.0 Kammalawa

Muhimmancin wannan tsari na fitowa fili idan aka sami kuskure. Cutar amosanin jini, wato sikila, wadda ta addabi iyalai da dama a Nijeriya, ta samo asali ne daga musanyar harafi ɗaya tak: taimin ya maye gurbin adenin a umarnin ƙera sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Tsarin da ke tsare saƙo na gari shi ne ke kwafar wannan kuskure da aminci zuwa ga zuriya. Wannan ne tushen shawarar likitoci ta yin gwajin jini kafin aure.