Kwakwar Manja da Sanyin Hunturu

'Yan'uwa manoma na Kwangila sukan tambaya ko kwakwar manja za ta yi a ƙasar Zariya. Takan yi, amma da wahala. Itaciyar kurmi ce, tana son ruwan sama wajen inci 80 a shekara, mu kuwa kusan 40 muke samu. Ga kuma hunturu: a Disamba da Janairu sanyin dare yakan tsayar da girmanta, busasshiyar iska ta ƙone ganyen dashe. Don haka kada ƙungiya ta zuba kuɗinta a tudu. A nemi fadama, a dasa cikin Yuni. Kafin sanyi ya shigo a kewaye kowane dashe da zana, a rufe gindinsa da ciyawa, a riƙa ban ruwa har damina ta dawo. A gwada goma tukuna.