Ƙyallen Yawu a Wuyan Jariri

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau ɗaki za mu shiga, mu buɗe akwatin kayan jariri, mu zaro wanda ya fi kowanne ƙanƙanta, wato ɗan ƙyallen nan da ake ɗaura wa yaro a wuya don ya tare yawu da tumbuɗi da abinci. A kasuwa idan kika ce bib, mai kanti zai gane. Iyayenmu na da kuwa ba su jira kanti ba, da hankici ko gefen tsohon zane suka goye mu har muka girma. Ku biyo mu.

(KIƊA YA TASO, YA SAUKA)

Watannin baya na je suna gidan wata 'yar'uwata. Da yamma, bayan an watse, aka baje kayan barka a tsakar ɗaki ana dubawa: riguna, safa, sabulai, turamen atamfa, ga kuma bib har kala uku. Ɗaya daga ciki ya tsone wa kowa ido. Fari ne tas, an kewaye bakinsa da leshi, an jera masa 'yan duwatsu masu walƙiya, ga dogayen igiyoyi biyu na ɗaurewa. Sai kakar jaririn ta miƙa hannu ta karɓa, ta juya shi, ta sa farce ta ɗan taɓa dutse guda. Nan take ya ɓalle ya faɗo mata a cinya.

Maijego ta ce, "Haba Hajiya, da tsada fa aka sayo shi."

Tsohuwar ta ɗaga dutsen sama kowa ya gani, ta ce, "To da a bakinsa ya ɓalle fa? Wannan ai kyan ɗan maciji ne. Ajiye shi can saman akwati."

Ɗakin ya yi tsit. Wannan tsit ɗin ne ya haifi shirinmu na yau.

(KIƊA)

Mu fara da yawun kansa. Jariri sabon haihuwa ba shi da yawu mai yawa. Sai ya kai wata 2 zuwa 3 bakinsa ke soma kawo ruwa sosai, alhali bai gama iya haɗiyewa ba, ga shi babu haƙoran gaba da za su tare. Shi ya sa za ki ga haɓa ta jiƙe, ƙirjin riga ya yi sharkaf. Wajen wata 6, lokacin da haƙorin farko kan leƙo, dalalar sai ta ƙaru. Haƙoran nono guda 20 ne, kuma ba sa kammala fitowa sai yaro ya doshi shekara 3, amma yawancin yara kan bar dalala wajen shekara 2.

Dalala dai ba ciwo ba ce. Abin da ke zama ciwo shi ne barin jiƙar a jiki. Ki ɗaga haɓar jariri mai ƙiba ki duba lanƙwasar wuyansa. Nan yawu da nono ke taruwa, wurin ya yi ja, ya saɓule, wani lokaci har da tsami. Da bazara gumi ya haɗu da yawu, ƙuraje su feso. Da hunturu kuwa jiƙaƙƙiyar riga a ƙirji sanyi take riƙewa, ga iska tana busar da haɓa har ta tsage. Aikin bib ke nan: ya sha jiƙar a madadin riga da fata, a cire shi a sa wani.

A nan sai mun ɗan tsaya, domin a gidajenmu da an ga yawu sai a ce haƙori, da an ce haƙori sai a aika yaro kemis. Manya ba su manta da abin da ya faru a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ba, lokacin da wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya hallaka yara a Legas da Ibadan da Zariya. Hukumomin lafiya sun ƙirga yara 84 da suka rasu, hukumar NAFDAC kuma ta rufe kamfanin. Iyayen nan neman sauƙi suka je yi wa 'ya'yansu. Saboda haka maganin dalala ƙyalle mai tsabta ne da haƙuri. Idan kuma zazzaɓi mai zafi ne ko gudawa, kar a jingina wa haƙori, a tafi asibiti. Haka nan yaron da yawu ya ɓarke masa farat ɗaya, ga zazzaɓi, ya kasa haɗiya, ko numfashinsa ya canza, ko wuyansa ya kumbura, wannan ya wuce aikin bib. A garzaya da shi.

(KIƊA)

To uwargida, ga ki a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, ko dai ɗan kantin bakin layi, mai kaya ya zube miki kala-kala. Da me za ki fara?

Ki fara da hannu kafin ido. Ki shafa yadin a bayan hannunki ko a kumatunki. Idan ya karce ki, to fatar jariri ta fi taki laushi nesa ba kusa ba. Na tare yawu, babu kamar auduga ko yadin tawul, musamman mai ninki biyu. Wani yadin sai sheƙi, amma idan kin ɗiga masa ruwa sai ki ga ya gangare kamar a bayan agwagwa. Irin wannan yawun zai bi ta kansa ne ya sauka a ciki. Akwai kuma wanda ake shimfiɗa wa leda a baya don kar ruwa ya ratsa. Yana da amfani a lokacin cin abinci, amma a zafin watan Afrilu, yini da leda a ƙirji gumi ne da ƙuraje.

Daga nan sai maɗauri, kuma nan ne maganar take. Iri uku aka fi gani. Akwai mai igiya, akwai mai maɓallin dannawa, akwai mai mannewa. Mai igiya shi ne na da, shi ya fi araha, shi ne kuma ya fi haɗari, don igiya kan sarƙe a wani abu, ƙulli kan zarge, kuma a lokacin ruɗewa ba ya kwantuwa da sauri. Mai maɓalli yana da kyau, musamman mai maɓalli biyu ko uku da za a riƙa matsarwa yayin da wuya ke girma. Sai dai ki ja maɓallin da ƙarfi tun a gaban mai kanti. Wanda ya yi motsi a hannunki zai fita a bakin ɗanki.

Shi kuwa mai mannewa, wanda ake kira Velcro, labarinsa zai ba ku dariya. A shekarar 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga daji ya tarar 'ya'yan wata ciyawa sun manne wa tufafinsa da gashin karensa. Maimakon ya yi tsaki ya cire, sai ya sa su a madubin ƙara girma, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare. Daga nan ya ƙago abin. Wato dai ƙarangiyar da muke tsinewa a hanyar gona, ita wani ya mayar dukiya. Kyan mai mannewa shi ne idan ya sarƙe, yakan buɗe da kansa. Aibinsa kuma halin ƙarangiya ne: gefensa mai kaushi yana karce ƙeya, yana kwasar zare a wurin wanki har ya daina kamawa. Ki tabbata ɓangaren mai kaushi ba ya fuskantar fata, kuma ki manne shi kafin ki jefa a ruwa.

Bayan kin ɗaura, ki zura yatsu biyu tsakanin ƙyallen da wuyan yaro. Idan ba su shiga ba, ya matse. Idan hannu guda ya shige, ya yi yawa, yawu zai bi ta ƙarƙashi, ƙyallen kuma zai iya juyawa ya hau fuska.

Duk wani ado da aka liƙa ko aka ɗinka a sama, dutse ne, fure ne, ɗan ƙararrawa ne, ki ɗauka cewa wata rana zai ɓalle, kuma jariri ba shi da aljihun da ya wuce bakinsa.

Wata magana kuma game da na leda. A shekarar 2007 hukumar da ke sa ido kan ingancin kayan masarufi a Amurka ta gargaɗi iyaye a kan bib na leda da ya tsufa ya soma tsagewa, domin an sami dalma a jikin wasu, kuma yaro na iya haɗiye ɓarɓashin. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta hanyar haƙar zinariya, ba ma bukatar dogon bayani kan wannan guba. Na leda da ya fara ɓarewa, ko a gida ya tsufa ko a gwanjo aka gan shi, shara ce makomarsa.

(KIƊA)

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a soma ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. To ranar da cokali ya shigo, aiki ya canza. Kunun gyaɗa, koko, faten dankali, ɗan tuwo mai laushi da miyar kuka, kowanne sai ya bar sa hannu a ƙirji. Nan ake son bib mai faɗi da ya rufe har kafaɗu. Akwai na roba mai laushi mai ɗan aljihu a ƙasa, abin da ya kuɓuce daga baki ya faɗa ciki, a gama a ɗauraye shi kamar kwano. Sai dai abin da ya faɗa aljihun ya daɗe, kar a kwaso a mayar baki. Kuma ki bar yaro ya sa hannu a abinci, ya shafa, ya ɓata. Da ɓarna ake koyon ci, bib ɗin ai don haka aka saye shi.

Wanda aljihunsa bai kai ba, kar ya damu. Tsohon tawul mai laushi guda ɗaya, idan aka kai wa telan unguwa, zai fitar da huɗu ko biyar, ya kewaye bakin, ya sa maɓalli mai ƙarfi. Maigida, wannan ba ya kai kuɗin katin waya. Gara guda shida na tawul da ake canzawa da guda ɗaya mai tsada da zai yini a wuya.

Domin jiƙaƙƙen bib ya fi rashin bib illa. Da ya jiƙe a cire. Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da shi tsumman komai: a share majina da shi, a share hannu, ya faɗi ƙasa a karkaɗe, sannan a goge bakin yaro. Ƙuda ya sauka, yaro ya tsotsa, gobe gudawa ta zo a ce haƙori ne. Sabo ma a wanke shi kafin a fara sawa. A wanke da sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi, a ɗauraye sosai, a shanya a igiya cikin rana. Kar a shanya a ƙasa ko kan ciyawa, musamman da damina, don akwai wani ƙuda da kan yi ƙwai a jikin tufa mai danshi, tsutsar ta shige fata ta zama kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan, ko da dutsen guga na gawayi ne. Tabon manja kuwa, a shafa sabulu tun yana ɗanye, rana za ta ƙarasa sauran.

(KIƊA MAI SANYI)

Yanzu ga maganar da idan kun manta komai a shirin nan, ita kar ku manta. Bib kayan ido biyu ne. Da barci ya zo, a cire shi. Jaririn da ke barci yana juyi, ƙyallen na iya naɗe wuya ko ya rufe hanci da baki, shi kuma ba shi da ƙarfin janyewa, ba lallai ne ma ya yi kukan da za a ji ba. Na san abin da uwa za ta ce: "Da ƙyar na samu ya yi barci, in taɓa shi ya farka?" Ya farka ɗin. Kukan minti biyar ana rarrashinsa.

Mu kuma muna da wurin barcin da ya fi katifa, wato baya. Yaro yana goye, uwa na daka ko wanke-wanke ko tafiya kasuwa, barci ya kwashe shi fuskarsa a kife a bayanta, ita kuwa ba ta da ido a ƙeya. Kafin ki sa majanyi, ki cire bib. Idan yawu ne ke damun rigarki, wanki ne kawai. Wannan magana a faɗa wa 'yar raino, a faɗa wa yayarsa da ake ba wa goyo bayan makaranta, a faɗa wa duk wanda zai karɓe shi.

Ba bib kaɗai ba, duk abin da ke da igiya a wuya. A watan Disamba na 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan sarƙoƙin da ake rataya wa yara da sunan sauƙin haƙori, bayan wani yaro ɗan wata 18 ya shaƙe da tasa yana barcin rana. Mu ma muna da namu abin ratayawa, daga sarƙar ado zuwa laya zuwa zaren abin tsotso. Ba mu zo gardama da kowa kan al'adarsa ba, amma wuyan mai barci a bar shi wayam, a kwantar da shi rigingine.

Ita dai 'yar'uwar tawa, na koma gidan bayan wata huɗu. Na tarar da yaron ya yi ɓul-ɓul, yana ta dalala a kan wani ɗan tawul shuɗi ɗinkin tela, biyar irinsa na shanye a igiya. Mai duwatsun kuwa yana nan a saman akwati, ko sau ɗaya bai hau wuya ba.

Iyaye mata, yau da dare kafin ku kwanta, kowacce ta shafa wuyan ɗanta, ta tabbata babu komai a rataye. Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)