Mitar da Ke Yin Lissafi Kafin Ta Ba Ka Amsa

Ka taɓa tsayawa a shagon mai gyaran rediyo ko wayar salula? To ka ga wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙi, yana dangwala su a jikin kayan gyara yana duban lambobi. Sunanta maltimita. Yawancinmu mun ɗauka awo kawai take yi kamar sikeli, alhali lissafi take yi a ɓoye.

Ɗauki turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa, wadda ake aunawa da om. Mita ba ta da hanyar ganin turjiya kai tsaye. Sai ta tura 'yar wutar da ta san yawanta daga batirinta, ta auna bolt, sannan ta raba. Idan ta tura amfiya 0.001 ta samu bolt 0.47, sai ta nuna om 470. Wannan ita ce dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda malamin fiziks ke rubuta muku a allo: R = V/I.

Su ma wayoyin mitar suna da 'yar turjiyarsu. Shi ya sa wasu mitoci ke da maɓallin REL. Ka haɗa bakin wayoyin biyu, ka danna shi, daga nan duk abin da ta auna sai ta debe wancan, kamar yadda mai awo ke cire nauyin kwano.

Inda lissafin ya fi daɗi shi ne wutar gida. Wutar soket ba ta tsaya cak ba, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, tana hawa har kusan bolt 325 ta faɗo. To ina aka samo 230 da ake faɗa? Ana ninka kowane awo da kansa, a fitar da matsakaici, sannan a nemo tushen murabba'insa. Mitar da ke bin wannan hanya za ka ga an rubuta True RMS a jikinta.

Mita mai araha kuwa yanke take yi: ta ɗauki matsakaicin wutar ta ninka da 1.11. Hakan na yin daidai muddin wutar na hawa da sauka sumul. Amma wasu inbatocin sola masu araha wutarsu hawa-hawa take kamar matakala, nan dabarar ke rushewa. Idan wutar tsalle ɗaya take yi daga sama zuwa ƙasa, irin wannan mita za ta ƙara kusan kashi 11 cikin 100 a kan gaskiya. Mai gyara na iya ɗora wa lafiyayyen inbata laifi, alhali mitarsa ce ta yi kuskure.

In za ku gwada a makaranta, ku fara da batirin tocila. Soket sai malami na tsaye, kuma kada a auna om a abin da ke jone da wuta.