Cutar da ido ba ya gani da wurin ajiye motar nakasassu

A Najeriya, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta a keɓe wa masu buƙata ta musamman gurabe a wuraren ajiye motoci na jama'a.

Sai dai masu fama da cututtukan da ba sa bayyana a fili, kamar amosanin jini da ake kira sikila, kan gamu da harara ko tuhuma idan suka nemi wannan haƙƙi, domin ba a gan su da sanda ko keken guragu ba.

Me doka ta ce?

Dokar ta bayyana nakasa da cewa tawaya ce mai daɗewa a jiki, ko ƙwaƙwalwa, ko gani da ji, wadda ke hana mutum gudanar da harkokinsa kamar sauran jama'a. Ba ta shardanta cewa sai an ga tawayar da ido ba.

Amma ta ce dole motar ta kasance ɗauke da alamar da ta dace. Mai ƙoshin lafiyar da ya ajiye mota a gurbin zai biya tarar Naira 5,000, sai fa idan ya ɗauko mai nakasa. Wanda ke kula da wurin kuwa, idan bai keɓe gurbin ba, tararsa Naira 1,000 ce a kowace rana.

Hukumar kula da nakasassu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita dokar ta ɗora wa alhakin bayar da takardar shaidar nakasa.

Me ya sa 'yan taku kaɗan ke da muhimmanci?

A wani rahoto na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da amosanin jini kowace shekara a Najeriya.

Ƙwayoyin jinin mai cutar kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke haddasa matsanancin ciwo. A wasu lokutan jini kan daina isa kan ƙashin ƙugu, har ƙashin ya fara lalacewa.

Ƙishirwa da gajiya da sanyin hunturu duk suna iya tayar da ciwon. A jihar Sakkwato kuwa, zafi kan zarce maki 40 a ma'aunin Selshiyas a lokacin bazara.

Saboda haka, ga majinyacin da ya taso daga Boɗinga ko Shagari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke birnin Sakkwato, tattaki daga bakin ƙofa zuwa ɗakin likita cikin rana na iya zama sanadin kwanciya a gadon asibiti.

Akasarin mazauna karkara ma a motar haya ko babur suke zuwa, don haka babbar buƙatarsu ita ce a bari a sauke su kusa da ƙofa. Dokar ta kuma ce a ba nakasassu fifiko a layi.

Yaya ake yi a wasu ƙasashe?

A watan Agustan 2019, Ingila ta faɗaɗa shirinta na shuɗin katin ajiye mota domin ya haɗa da masu nakasar ɓoye. Mai katin kan ajiye shi a gaban mota, ba sai ya yi wa kowa bayanin ciwonsa ba.

A Najeriya, wa'adin shekaru biyar da aka bayar domin gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024, amma ƙungiyoyin nakasassu sun sha kokawa kan jinkirin aiwatar da dokar.

Muddin alamar ba ta isa hannun majinyata ba, hukuncin zai ci gaba da zama a hannun mai gadi, wanda abin da idonsa ya gani kawai yake aiki da shi.