Uban da Kwamfuta Ta Ƙaga

A Vom, kusa da Jos, an daɗe ana yi wa farar saniyar Fulani, Bunaji, barbara da bijimin Friesian na Turai, don a samu 'ya mai yawan nonon dangin uba da juriyar dangin uwa. Irin wannan tunani John Koza na Jami'ar Stanford a Amurka ya shigar cikin kwamfuta. Littafinsa na 1992 ya nuna yadda za a ƙyale manhajoji su hayayyafa da kansu. Kwamfuta za ta ƙago ɗaruruwan ƙananan manhajoji kara zube, kowace da siffar bishiya mai rassa, ta gwada su a kan matsala guda, ta ware waɗanda suka taɓuka abin kirki. Sai ta yanko reshen wannan ta dasa a jikin waccan, zuriya bayan zuriya. Akwai wata hanyar, sauyin kara zube, wato a cire reshe a sa sabon da aka ƙaga nan take, amma Koza bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na kowace sabuwar zuriyarsa daga barbara suke fitowa.

Masana da yawa suka amince cewa albarkar aikin tana wajen haɗa iyaye nagari. A 1997 Peter Angeline ya sa maganar a ma'auni, da gwajin da sauƙinsa yake burge ni har yau. Ya bar uwa tagari a matsayinta, amma a gurbin uban sai ya sa kwamfuta ta riƙa ƙaga sabuwar bishiya wadda ba a taɓa gwada ta a komai ba, ana yanko reshe daga jikinta. Da gadon uba ne ke aikin, da zuriyar ta lalace. Ba ta lalace ba! A matsalolin da ya gwada, 'ya'yan baƙon uban sun yi kusan kunnen doki da na zaɓaɓɓen.

Dalilin, a ganina, shi ne amfanin reshe yana tare da gurbinsa. Da zarar an dasa shi a wani wuri, bai fi baƙo ba.

Sean Luke da Lee Spector sun faɗaɗa binciken a 1997 da 1998. Suka gano barbara tana ɗan yin gaba idan manhajojin suna da yawa, sauyin kara zube kuwa yakan fi ta idan ba su da yawa, gwargwadon matsalar da aka sa a gaba.